Wankan Duna da tafiyarmu Daura: ra'ayina kan wani wurin gyaran karnuka a Katsina

Naira 12,000 na biya aka wanke mini kare, aka taje shi, aka yanke masa farce, aka goge masa kunne. Na san akwai wanda zai ji haka ya ce Alhaji ya rasa abin yi da kuɗi, a garin da tiyar shinkafa ke neman gagarar magidanci. Ba zan yi masa musu ba. Abin da zan ce kawai shi ne, na taɓa jinyar karen da kaska ta kayar, kuɗin allurai da ƙarin ruwa suka ninka wannan, kuma duk da haka karen bai tashi ba.

Ina da gonar kaji a hanyar Dutsin-ma, gidana kuma yana wajen Ƙofar Ƙaura. Karnukana biyu. Akwai Ƙyale-su, karya ce irin tamu ta gida, ja, siririya, tana gona tare da yara masu aiki, kuma ita ba ta da wata fitina. Sai Duna, baƙi, irin karnukan nan na Jamus da 'yan sanda ke amfani da su, mai gashi biyu: na sama mai kauri da na ƙasa mai laushi. Shi ke gadin gida tun lokacin da aka haura mana katanga aka ɗauke batiran sola. Ba ya shiga ɗaki, ba ya zuwa inda ake sallah, kwanonsa daban. Malamin unguwarmu ya gaya mini hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da dama sun sa na gadin gida a cikinsu idan akwai buƙata. Ya ƙara da cewa duk dabbar da ka ɗaure, cinta da shanta da lafiyarta suna wuyanka. Wannan maganar ta biyu ce ta kai ni wurin da zan ba da labarinsa.

Ba zan faɗi sunan wurin ba, domin akwai abin da zan soka, mai wurin kuma yaro ne da ya fara sana'a ba da daɗewa ba. Likitan dabbobi ne, a Zariya ya yi karatu. Daga gaba shago ne kamar kowane shagon maganin dabbobi: maganin kaji, maganin tsutsar awaki, buhunan abinci, firiji mai allurai. Ainihin cinikinsa ke nan, a nan ma na san shi. Wankan kare daga baya ya shigo, da ma'aikatan banki da malaman jami'a da jami'an tsaro da ke zaune a garin suka dame shi da tambayar inda za su kai nasu. Sai ya gyara bayan shagon: daɓen siminti mai gangara zuwa kwata, rumfa, tankin ruwa a sama, babban baho, da teburin ƙarfe da aka shimfiɗa wa roba don kada ƙafar kare ta zame. Yana da mataimaki ɗaya da yaro mai ɗebo ruwa da shara. Ba wani ƙyale-ƙyale. Wurin dai a share yake, kuma hancinka ba zai gaya maka ana tara karnuka a nan ba, wanda a wurina ya fi fenti da allon suna muhimmanci.

Kafin Duna ya sauko daga mota, tambayar farko da likita ya yi mini ita ce, "Baba, ina katinsa?" Katin rigakafin ciwon haukan kare yake nufi. In babu kati, ko kwanan watan ya wuce, ba ya taɓa karenka da sunan wanka. Sai dai a yi masa allura a rubuta sabon kati, ka dawo wani lokaci. Na ga ya mayar da wani mutum da ya zo da babbar mota a kan haka, mutumin yana ta faɗa. Ni kuwa a nan ya fara burge ni. Ciwon haukan kare, da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare. Allurar ba ta da wuyar samu, ana yin ta a nan ƙasar ma, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Filato. Ana fara yi wa kwikwiyo daga wata uku, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. A bangon rumfar ya manna takarda da Hausa: wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya shafa toka ko neman gashin karen.

Ba a fara da ruwa ba. An ɗora Duna a sikeli, an ɗaga leɓensa an duba dasashi, an sa masa ma'aunin zafi. Likita ya ce zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan kai, ya fi na mutum, saboda haka kada in taɓa shi in ji ɗumi in ce zazzaɓi ne. Dasashi kuwa ja-ja ake so. In ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa, kuma a garin nan kaska ce farkon abin zargi.

Sai taza. Wannan ita ta fi cin lokaci, kuma ita ce ban taɓa ganin an yi yadda ya kamata ba sai a nan. Mataimakin yana da wani mataji mai dogayen haƙoran ƙarfe da ke ratsa gashin sama ya kamo mataccen gashin ƙasa. Watan Afrilu ne, bazara ta kankama, Duna yana tsakiyar zubar da gashi. Abin da aka fitar daga jikinsa ya cika bokiti, ba ƙari a maganata. Karen da na zo da shi a kumbure ya koma siffarsa, har haƙarƙarinsa na iya lalubowa.

Muna cikin haka wani ya shigo da wani ƙaton kare mai gashi buzu-buzu, ya ce a yi masa aski ƙwal kwabo saboda zafi. Likita ya ƙi. Ya ce masa, "Yallabai, kare ba ta fata yake fitar da zafi irin namu ba. Ta haki yake fitarwa, sai ɗan gumi a tafin ƙafa. Gashin saman nan shi ke tare masa rana da ƙuda. In na aske shi, ranar Katsina za ta gasa masa fata, kuma gashin ba lalle ya dawo yadda yake ba. A taje na ƙasan, a ba shi inuwa da ruwa." Mutumin ya ce kuɗinsa ne, karensa ne. Likita ya ce gaskiya ne, amma ba da kilifarsa ba. Mutumin ya ja karensa ya tafi. Yaron da ke neman kasuwa ya bar kuɗi ya fita ta ƙofa saboda ba ya son ya cuci dabba, ni dai na riƙe wannan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ruwa ya kwantar da gashin Duna sai ga abin da ba na gani a gida: kaska a tsakanin yatsun ƙafa, kaska a cikin lungun kunne, wasu ƙanana jajaye, wasu sun sha jini sun yi tiɓis. Yaran gida suna cire masa waɗanda ke bayansa da wuyansa, amma wa zai buɗa yatsun karen gadi ɗaya bayan ɗaya? Mataimakin ya bi su da hantsaki, yana kamawa daf da fata yana ja a hankali don kada kan ya karye a ciki, yana jefawa a kwalba mai magani. Bai murƙushe ko ɗaya a ƙasa ba.

A nan likita ya zaunar da ni ya yi mini karatun da ya fi wankan amfani. Ya ce kaskar kare ba a jikin kare take rayuwarta duka ba. In macen ta ƙoshi sai ta faɗo, ta hau bango, ta shige tsaga, ta zuba ƙwai dubbai. Saboda haka ko an wanke kare fes, in ya koma ɗakinsa mai tsagaggen bulo, kafin wani lokaci sun sake hawa. Ya ce in sa a yaɓe tsagogin ɗakin Duna da siminti, a yi feshi har saman bango da ƙarƙashin rufi, a fitar da karen sai wurin ya bushe. Kuma ba jinin da take sha ne kaɗai matsalar ba. Tana sa wa kare cutar da ke farfasa ƙwayoyin jini, ka ga ya daina cin abinci, ya yi laushi, fitsarinsa ya yi duhu. Da ya faɗi haka na gane abin da ya kashe mini na farko. Ya roƙe ni, har da haɗa hannu, kada in bari kowa ya shafa wa kare fiya-fiya ko kananzir ko baƙin mai, abin da mutanenmu ke yi kullum. Kare yana lasar jikinsa, fatarsa ma tana tsotsar gubar. Ya ce ya sha karɓar karnuka suna dalalar miyau suna karkarwa, mai su yana rantsuwa sammu aka yi musu, alhali maganin sauro ya zuba musu da hannunsa.

Shamfun da suka yi amfani da shi na karnuka ne, an bar kumfar ta ɗan jima a jiki kafin a ɗauraye, kuma an ɗauraye sosai. An toshe masa kunne da auduga don kada ruwa ya shiga. Likita ya hana ni wanke shi da garin sabulun wanki, ya ce yana busar da fata har ta riƙa tsagewa, musamman da hunturu. Ya kuma ce ba a yi wa irin wannan karen wanka kowane mako. Taza ce ake yawaitawa.

Farce ya ba su wuya. Farcen Duna baƙi ne, ba a ganin jijiyar da ke ciki, in aka zarce kuwa jini ne da ihu, kuma daga ranar kare ba zai sake yarda a kama masa ƙafa ba. Kaɗan-kaɗan aka riƙa datsewa ana duba bakin yankan. Sun tuna da ɗan farcen nan na gefen ƙafa da ba ya taɓa ƙasa, wanda ke lanƙwashewa ya shige nama in an manta da shi. Ba a fitar da jini ko ɗigo ba.

To, ga inda ban ji daɗi ba. An ce in zo ƙarfe tara, ba a taɓa karena ba sai wajen sha ɗaya, saboda tankin ya ƙare ana jiran 'yan garuwa. Wanda ke sana'ar wanka bai kamata ruwa ya zo masa ba zata ba. Na biyu, mataimakin ya iya taza amma hannunsa da nauyi wajen sa takunkumi. Ya ɗaure shi tamau a cikin zafin nan, kare kuwa in bai buɗe baki ya yi haki ba zafi na iya buge shi. Sai da na yi magana aka sauya masa irin mai raga. Na uku, da aka gama, kafin in ankara yaron ya fesa masa turare ya ɗaura masa wani jan ƙyalle a wuya. Duna ya yi ta atishawa, muna isa gida ya je ya yi birgima a ƙasa. Hancin kare ne jarinsa, ni kuma don hancin nan nake ciyar da shi. Na ce kada a sake. Sannan babu farashi a rubuce, babu rasit. Na ji an gaya wa wani kuɗin da ya haura nawa a kan kare da bai kai Duna girma ba, kuma ban ga wani dalili ba sai motar da ya zo da ita.

Duk da haka na ci gaba da kai shi, kuma ganin yadda suke aiki ya sa da Babbar Sallah ta matso na yanke shawarar in bar musu shi. Mu Daura muke Sallah, wurin mahaifiyata. Maigadina ma yana tafiya garinsu, ba wanda zai ba kare abinci, a gona kuma shi da Ƙyale-su ba sa ga maciji, ga kaji. Likita ya ce suna ajiye karnuka, naira 4,000 kowane dare, in kawo abincinsa, kuma za a riƙa turo mini bidiyonsa ta WhatsApp kullum.

Wannan ɓangaren na aikinsu bai kai wankan ba, ko kusa. Ɗakin ajiyar wani ɗan ɗaki ne a ƙarshen fili, rufin kwano, gajere, babu silin, taga ɗaya. Da safe na kai shi, wurin da sanyi-sanyi. Da rana tsaka a farkon damina, lokacin da zafi ke haɗuwa da gumi, ɗakin tanda ne. Ga shi a makon an cika filin da ragunan layya da aka kawo a duba, suna ta kuka, karnuka suna ta haushi. Bidiyo ya zo ranar farko, daga nan shiru. In na kira sai a ce lafiya lau yake. Da na dawo na tarar da shi ya faɗa, muryarsa ta dushe, yana gudawa, buhun abincin da na kawo kuma ko rabi ba a ci ba. Da na matsa wa yaron sai ya ce ai tausayinsa ya ji, ranar Sallah kowa na cin nama, shi ne ya riƙa zuba masa ragowar miya da kitse da ƙasusuwa. Niyyarsa mai kyau ce, amma miyar Sallah albasa ce zalla, albasa kuwa tana lalata wa kare jini, kitse mai yawa yana ɓata masa ciki, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya soke hanji. Likitan da kansa ya taɓa gaya mini wannan. Ashe shi ma ya tafi garinsu Sallah, mataimakin ya tafi, an bar yaro shi kaɗai da karnukan mutane.

Hakkin likitan ne in faɗi yadda ya karɓi maganar. Bai kare kansa ba. Ya ce, "Baba, laifina ne, ka yi haƙuri." Ya duba Duna kyauta, ya ba shi magani, ya mayar mini da rabin kuɗin ajiyar ba tare da na tambaya ba. Karen ya warware. Amma na gaya masa a gaban yaransa cewa ajiyar dabba amana ce, wanda ya karɓa ba ya tafiya Sallah sai ya bar wanda ya san aikin.

Da Sallar Gani ta zo sai na ce wannan karon da shi za mu. Wuyar ba a hanya take ba, a wurin Inna take. Na kira ta na faɗa mata, ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai yaron nan, kare kuma? A gidan nan?" Ni ne ɗanta na fari, har yau da furfurata ba ta kama sunana. Na ce, "Inna, a garka zai zauna, can baya, ba zai shigo tsakar gida ba." Ta kafa sharuɗɗa: kada ya kusanci randa, kada ya bi ta zaure inda baƙi ke zama, kada jikokinta su je wurinsa, kuma in ya taɓa mata akuya ko ɗaya, ni da shi mu kama hanyar Katsina a ranar. Na ce na ji na yarda. Duk mai niyyar tafiya da kare gidan wani, ko gidan uwarsa ne, ya fara da wannan wayar. Kada ka sauke wa mutane kare a ƙofar gida ka ce ai ba ya cizo.

A shirin tafiyar nan likita ya dawo da martabarsa a idona. Ya ce in kawo shi tun da sauran kwanaki, ba a fafe gora ranar tafiya. Naira 8,000 ya karɓa: ya duba shi, ya yi masa taza da farce, ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya tabbatar katinsa bai ƙare ba, ya ba ni hayar keji mai iska ta kowane gefe. Ya ce in ajiye kejin a gida a buɗe, in riƙa sa masa abinci a ciki, don ya saba kafin ranar. Ƙarshen damina ne, kaska ta yi yawa, garkar Daura kuma akwai awaki da ciyawa, sai ya ba ni shawarar ƙwayar nan da ake ba kare ya tauna, Bravecto, wadda ke kashe kaska da ƙuma na mako 12. Tana da tsada, kuɗinta daban, kuma gwargwadon nauyin kare ake ba da ita, amfanin sikelin nan ke nan. Ya haɗa mini da man shafawa na bakin kunne saboda ƙudan da ke cin kunnen kare da damina har ya yi gyambo. Ya kuma gargaɗe ni kada in bar shi ya kwanta a jiƙaƙƙen yashi mai fitsari, domin akwai ƙudan da ke zuba ƙwai a irin wurin, tsutsar ta huda fata ta zauna a ciki kamar maruru.

Sauran dokokinsa ya rubuta mini a bayan takardar magani. Kada a cika masa ciki kafin a tashi, don amai. A tafi da ruwan gida a jarka da abincin da ya saba. A tashi da asuba. Kada a sa shi a but, kada a ɗaure shi da doguwar igiya a bayan a-kori-kura inda zai iya tsalle ya rataye kansa. Wanda ya ja wa layi biyu shi ne kada a bar shi a rufaffiyar mota ko da za a shiga masallaci ne a fito, domin mota a rana tana kashe kare cikin ɗan lokaci.

Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne, ba wata tafiya ba ce. Mun fita bayan sallar asuba, kejin a kujerar baya an ɗaure shi da bel, iyali suna motar ƙanena. Duna ya yi ta kuka har muka bar gari, daga nan ya kwanta. A Mashi na tsaya gefen hanya, nesa da kasuwa, na fito da shi da sarƙa ya sha ruwa ya zagaya. Hanyar kusa da iyaka take, shingayen jami'an tsaro ba sa yankewa. A wani shinge jami'in ya leƙo, Duna ya yi gurnani, jami'in ya ja da baya yana dariya ya ce, "Alhaji, wannan fasinjan yana da takarda?" Na miƙa masa katin. Ya duba ya ce mu sauka lafiya.

A Daura abin da ya fi ba ni aiki yara ne. Kafin azahar labari ya zaga unguwa an zo da karen 'yan sanda, suka yi layi a kan katangar garka, wasu da tsakuwa a hannu. Sai da na sa ɗan ƙanena ya zauna gadin mai gadi. Ban sake shi ba ko sau ɗaya sai da dare, shi ma a cikin garka, saboda karnukan unguwa da na mafarauta suna yawo kuma ba ka san wanda aka yi wa allura ba. Da yamma, in ƙasa ta huce, nakan ja shi mu bi bayan gari. Kwalta da rana tana ƙona musu tafin ƙafa. Ranar hawa kuwa, da 'yan bindiga suka fara sakin wuta daga wajen fada, karen da ke sa ƙarti gudu ya shige ƙarƙashin rumbu yana rawar jiki. Likita ya riga ya gaya mini haka za ta faru, ya ce kada in jawo shi da ƙarfi, kada in bar ƙofa a buɗe, domin a irin wannan firgitar ce kare ke tsinke igiya ya ɓace. Na mayar da shi kejinsa a ɗakin ajiyar hatsi, na rufa masa buhu ta gefe uku, ya lafa. Hawan da na zo kallo rabinsa na gani. Inna dai ba ta je inda yake ba har muka taho, amma na lura kullum da safe sai ta tambayi yara ko an sauya wa "baƙon nan" ruwa.

Ɗan ƙanwata da ke Ingila, da ya ga hoton kejin a mota, dariya ya yi ya ce kawu ya zama Bature. A can, in ji shi, akwai masaukai da gidajen haya na hutu da ke karɓar mutum da karensa, masu gyaran gashin kare kuma sai ka kama layi tun da wuri. Tun 2016 doka ta wajabta a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambarsa. Wanda zai kai kare Turai daga nan, bayan na'urar da allurar, sai an gwada jininsa an tabbatar rigakafin ya kama, sannan a jira wata uku. Amurka ma tun Agustan 2024 ba ta karɓar karen da bai kai wata shida ba. Na ce masa su don nishaɗi suke tafiya da nasu, ni rashin wurin ajiya ne ya sa. In na samu wurin da na amince da shi a Katsina, Duna ba zai sake jin bindigar Gani ba.

Ƙyale-su ban taɓa kai ta shagon ba, kuma ban ga dalili ba. Gashinta gajere ne, farcenta ƙasar gona ke cinye shi. Likita yakan biyo gona duba kaji, sai ya yi mata allurarta da maganin kaska a nan, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Mai karen gida irinta abin da yake buƙata ke nan. Mai kare mai gashi biyu kuwa, ya kai shi taza a farkon bazara da kuma bayan damina, ya tambayi farashi kafin a jiƙa kare, ya ce ba ya son turare, ya tsaya a wurin har a gama. Suna zuwa gida ma in an ƙara kuɗin mai, amma ruwa da wurin wanka naka ne.

Maganar ajiya kuwa, na ba shi sharuɗɗa uku kafin in sake barin kare ya kwana a wurinsa: a sa silin a buɗe taga ta biyu, a samu babba mai kwana a wurin ko ranar Sallah ce, kuma a riƙa rubuta abin da kowane kare ya ci a takarda a jikin kejinsa. Zuwana na baya-bayan nan na ga an fasa bango an sa tagar, takardun ma suna rataye. Silin ne babu. Na tambaye shi, ya ce kafinta ya yi masa kuɗin da sai bayan ya sayar da kajin Kirsimeti.